Miksar shawa a banɗakin Hajiya: aikin da aka yi sau biyu

Assalamu alaikum jama'a. Tun watan jiya nake son in rubuta wannan, don mutum uku ke nan cikin 'yan uwa suka leƙa banɗakin Hajiyarmu suka fito suna tambayata wa ya yi aikin, kuma shin miksar da muka sa, wato famfon da yake sirka ruwan zafi da na sanyi da kansa, tana da amfani ko kwalliya ce kawai. To bari in faɗi komai yadda ya faru, mai daɗi da mara daɗi, musamman saboda masu gini yanzu da masu shirin gyaran banɗaki, don wallahi da na samu wanda ya yi min wannan bayanin tun farko da ba a fasa min bango ba.

Mu a Tudun Wada muke. Hajiya ta manyanta, gwiwa na damunta, kuma duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san sanyin asubar Disamba da Janairu, ruwan tanki kamar an ciro shi daga firij. Shekara da shekaru a tukunya ake dafa mata ruwa a kicin, a juye a bokiti, a sirka, yarinya ta ɗauko ta ratsa tsakar gida da shi. Bara ruwan ya fallatso wa jikarta a ƙafa, Allah ya taƙaita bai yi muni ba, amma ranar na ce an gama ɗaukar tafasasshen ruwa a gidan nan. Aka gyara banɗakin, aka ja fayif na zafi da na sanyi cikin bango, aka sa hita mai lita 30, mai tayil ya zo ya rufe komai tsaf gwanin sha'awa. Abin da ya rage kawai a ɗaura miksa.

Irin wadda na saya ita ce ta kwance ɗin nan mai kama da sanda, tsawonta wajen santimita 30, wadda take zama a waje a kan tayil ba a binne ta cikin bango ba. Hannu ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya na buɗe ruwa ɗaya na saita zafi, kuma na zafin yana da ɗan maɓalli da yake tsayawa a digiri 38, sai ka danna shi da gangan kafin ya wuce nan. Wannan maɓallin shi ya sa na saye ta. A cikinta akwai wani abu da yake jin zafin ruwan, yana ƙara na sanyi ko ya rage da kansa don zafin ya tsaya inda ka ajiye shi ko da wani ya buɗe famfo a kicin.

A Sabon Gari na saya, wajen masu kayan famfo. Mai shagon ya kyauta min a abu ɗaya: ya ajiye min guda biyu a kan kanta, a ido duk ɗaya suke sai ƙyalli, ya ce in ɗaga kowacce. Ɗaya shafal kamar gwangwani, ɗayar kuma sai da na ji ta a wuyan hannu. Ya ce mai nauyin cikinta tagulla ce, mara nauyin wani ƙarfe ne mai arha da aka shafe, in ta yi shekara biyu bakin notin yake fara ci. Ya bar ni na buɗe kwali na ƙirga kayan ciki ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Inda ya gaza shi ne bai tambaye ni ko da kalma ɗaya kan ƙarfin ruwan gidana ba, alhali a takardar cikin kwalin an rubuta ƙarara cewa tana buƙatar aƙalla bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne). Zan dawo kan wannan don shi ne rabin labarin.

Na kawo ta gida na kira mai aikin famfon da ya ja fayif ɗin tun farko. Ya kara ta a bango, noti ɗaya ya zo daidai bakin fayif, ɗayan ya tsaya can gefe. Ya juya ya juya, ya ce Alhaji ba komai a ɗan matsa za ta shiga. Ya sa ƙarfi har na ji fayif ɗin yana motsi a cikin bango, nan gabana ya faɗi na ce ya dakata. Ya ce to a mayar da ita shago a kawo irin famfo biyu daban daban, na zafi daban na sanyi daban, ai duk wanka ne. Ba duk wanka ba ne, tsohuwa ba za ta tsaya tana murɗa wannan tana murɗa wancan ruwa na ƙona ta ba. Muka rabu lafiya ban yi rigima da shi ba, amma raina ya ɓaci sosai.

Wani maƙwabcinmu ne bayan sallar Isha'i ya ce akwai wani dattijo da ya daɗe yana aiki a gidajen ma'aikata wajen Samaru, ya san irin waɗannan kayan. Shi ne wanda nake son in yi magana a kansa.

Ranar da ya zo ko jakar kayan aiki bai buɗe ba, tef ɗin awo da ɗan lebul, abin duba ko abu ya karkace, kawai ya ciro daga aljihu. Ya gaida Hajiya ta labule, Hajiya ina wuni ya ƙarfin jiki, sannan ya shiga. Ya auna daga tsakiyar bakin fayif ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan, ya nuna min da farcensa: santimita 18. Ya ce Alhaji wannan miksar santimita 15 ne tsakanin notinta biyu, milimita 150, ba a ƙarawa ba a ragewa. Sai ya zaro wasu ƙananan haɗi guda biyu masu ɗan lanƙwasa daga cikin kwalin, waɗanda ni ban ma san amfaninsu ba. Gefen da yake shiga bango rabin inci ne, gefen da miksa take kamawa kwata uku, kuma ba a kan layi ɗaya suke ba, shi ya sa in ka juya su suke ɗan matsowa ciki ko su buɗe waje. Ya ce waɗannan suna yafe kuskuren kamar santimita ɗaya da rabi, ko ciki ko waje, wato in da 14 ne ko 16 da yanzu na ɗaura maka na tafi. Amma 18 ya fi ƙarfinsu.

Bai tsaya nan ba. Ya sa yatsa cikin ramin hagu, bakin zaren ya nutse can ciki wajen santimita 2 a bayan fuskar tayil, siminti ya kusa rufe shi. Ya ɗora lebul, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sannan ya ce a kunna hita, muka jira, ya buɗe, sai ga ruwan zafi yana fitowa ta dama. Ya girgiza kai ya ce zafi hagu ne sanyi dama in kana fuskantar bango, haka ƙa'idar take, kuma irin wannan mai saita kanta in aka juya mata ba ta iya aikinta, ko ta ba ka zafi zalla ko sanyi zalla. Kuskure huɗu a wuri ɗaya, duk an rufe su da tayil mai kyau.

Sai ya yi min tambaya uku. Akwai ragowar tayil? Wane irin fayif ne ya taso daga hita? Tankin nan mita nawa ne daga ƙasa? Alhamdulillahi akwai guda takwas a sito da suka rage, kuma wannan ba ƙaramin sa'a ba ne, don ko ka samu irin zanen a kasuwa in ba zubi ɗaya ba ne launin sai ya ɗan bambanta, a bango kuwa ido na ganewa. Fayif kuma PPR ne, koren nan da ake haɗawa da wuta, to nan na farkon bai yi laifi ba, don akwai masu jan ruwan zafi da farin PVC na gam, wanda ba don zafi aka yi shi ba.

Maganar tanki ita ce ta buɗe min ido. Muka fita ya auna, gindin tankin wajen mita 4 daga ƙasa, kan shawa kuma zai zauna wajen mita 2. Ya ce abin da ake lissafawa shi ne tazarar da ke tsakanin ruwan da kan shawar, kuma kowace mita 10 ta tsawo ita ce bar 1. Ke nan ni abin da nake da shi bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba, miksa kuma tana neman 1. Ya ce ko da an ɗaura ta daidai, ruwan zai rinƙa zuba kamar na buta, zafin ma ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Gidajenmu na Zariya yawanci haka suke, rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa su cika tanki, tanki ya sauko da ruwa da nauyinsa, gidan ƙasa ba bene ba. Zaɓi biyu ya ba ni: ko in koma in nemi irin wadda aka rubuta mata tana aiki da ƙaramin ƙarfi, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi a bakin tanki wanda yake tashi da kansa in an buɗe famfo. Na zaɓi injin. Ya jaddada cewa a gindin tanki za a sa shi kafin layi ya rabu, yadda na sanyi da wanda yake shiga hita duk za su samu ƙarfi ɗaya, don in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya miksar wahala take sha. Gaskiya injin ya fi miksar kanta tsada, wannan ku sa shi a lissafi tun kafin ku je kasuwa.

Washegari aka fara fasa. Ni na zaci guduma zai sa kawai, ashe a'a. Da giranda ya bi layin da ke tsakanin tayil ya yanke kewaye da guda huɗu, ya raba su da maƙwabtansu, sannan ya fara fasawa daga tsakiya yana fitowa baki a hankali. Ko ɗaya cikin na gefe bai tsage ba. Ƙura kam an sha ta, duk da ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen buhu sai da ta shiga ɗakin Hajiya, ranar a ɗakin matata ta wuni. Da bango ya buɗe sai ga elbo biyun, wato gwiwoyin fayif da miksa take ɗauruwa a kansu, suna lilo, babu abin da ya riƙe su sai ɗan simintin da aka watsa. Ya kira ni ya ce Alhaji duba, duk nauyin miksar nan a kan waɗannan biyun yake, ga jan tiyo kullum, ga wanda zai dafa ta. Da an matsa ta da ƙarfi ta shiga, wata rana cikin bango za ta tsage, ba za ka sani ba sai fenti ya fara kumbura a ɗakin Hajiya, don bayan bangon nan gadonta ne.

Ya yanke tsofaffin, ya sauya layin ya dawo da zafi hagu, ya sa sabbin elbo masu zaren tagulla a ciki da kunnuwan ɗaurewa. Wuta babu ranar sai da muka tada janareta saboda injin haɗa fayif ɗin, wanda yake kaiwa wajen digiri 260. Na lura yana ƙirgawa a bakinsa in ya sa fayif a wuta, daƙiƙa kaɗan ya cire ya haɗa ba ya murɗawa, ya ce in ya daɗe robar tana narkewa ta tattaru a ciki ta rage hanyar ruwa, kai kuma kana can kana zargin tanki. Ya yanko wani haɗi na tsohon aikin ya nuna min, ramin ciki ya tsuke da ƙyar fensir zai wuce.

Amma abin da ya fi burge ni wani guntun katako ne. Ya sa yaronsa ya samo falanki madaidaici, ya huda rami biyu a jikinsa santimita 15 cif tsakaninsu, ya zura gajerun fayif na ƙarfe ta ramukan ya ɗaure su cikin elbo ɗin, sannan ya kwantar da katakon a kan fuskar tayil ɗin da ba a cire ba na hagu da dama. Kun gane dabarar? Katakon ya riƙe tazarar, ya ɗora lebul a kansa ya daidaita, kuma tunda a kan fuskar tayil yake kwance, bakin elbo ɗin ya zo daidai inda fuskar sabon tayil za ta tsaya, bai nutse ba bai turo waje ba. Abu uku da katako ɗaya. Ya ɗaure kunnuwan elbo ɗin da sukuru a jikin bulo, ya bar katakon a wurin har siminti ya kama. Game da tsawo kuma sai da ya sa aka kawo kujerar robar da Hajiya take zama a kai in za ta yi wanka, ya ce in zauna in miƙa hannu, a nan ya yi alama, wajen mita 1 daga ƙasa, ya ɗan yi ƙasa da yadda ake sawa don masu wanka a tsaye.

Kafin a rufe, ya toshe bakin biyun, ya kunna injin ƙara ƙarfin ruwan, ya sa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane haɗi ya ce a bar shi ya kwana haka. Ni na ƙagu a gama, na ce Malam ba za a rufe yau ba? Ya ce Alhaji kwana ɗaya ne, in an rufe kuma sai guduma. Da safe takardun a bushe. Ya ce in ɗauki hoton bangon da waya, da tef ɗin awo a jiki, yadda duk ranar da za a huda wani abu an san inda fayif ya bi. Wannan hoton ya yi amfani tun a satin, lokacin da za a kafa sandar da kan shawa yake hawa.

Ya sa bawul na rufewa guda biyu a waje, ɗaya a layin zafi ɗaya a na sanyi, wanda na farkon bai sa ba sam. A lokacin na ga kamar ƙarin kashe kuɗi ne. Daga baya na gode masa.

Huda sabon tayil ɗin shi da kansa ya yi bai bar wa mai tayil ba, don yawancinsu da giranda suke yanka murabba'i babba wanda marfin ƙyallin miksar ba ya rufewa. Shi da wani bakin diril mai zagaye ya yi, irin mai ƙurar daimon a baki, yaron yana tsaye da ledar fiyawata da aka huda yana ɗiga ruwa a wurin don kar ya yi zafi. Na farko ya tsage dab da ƙarshe, ya ce laifinsa ne ya danna da yawa, na biyu ya fita sumul. Aka manna, aka jira kwana biyu ya bushe.

Ranar ɗaurawa ko awa biyu ba a yi ba. Abu na farko, kafin miksa ta taɓa bango, ya tara bokiti ya buɗe ruwa ta kowane gefe ya bar shi ya zuba. Jama'a ku ga abin da ya fito: jan yashi na rijiya, ɓarɓashin koren roba, har da ɗan dunƙulen siminti. Ya tsoma hannu ya ɗebo ya nuna min a tafinsa, ya ce wannan in ya shiga cikin miksa a ranar farko ya gama da ita, sai a ce kayan jabu ne. Sannan ya naɗa farin tef a zaren da yake shiga bango, yana bin hanyar da zaren yake ɗaurewa, ya shigar da lanƙwasassun haɗin nan biyu yana juyawa kaɗan kaɗan yana aunawa har 15 ta zauna kuma lebul ya yarda. Gefen da miksa take kamawa kuma bai sa tef ba ko kaɗan, ya ce nan aikin washa ne, wata 'yar roba mai raga a tsakiya wadda take tace datti, tef a nan ɓata aiki yake. Ya zagaye ramin tayil ɗin da silikon ya cike shi kafin ya mayar da marfin ƙyallin, saboda ruwan wanka da yake gangarowa a bango kar ya bi ta bayan marfi ya shiga bulo. Notin kuma da hannu ya fara kama su, hagu kaɗan dama kaɗan, sai a ƙarshe ya naɗe bakin sifana da tsumma ya ɗan ƙara. Ko ƙwarzane babu a jikinsu.

Sai gwaji. Hita na kan wajen digiri 60, ya ce haka ya kamata, don miksar tana son ruwan da yake shigo mata ya fi wanda take fitarwa zafi sosai kafin ta iya sarrafa shi. Ya ajiye hannun a 38 ya tara ma'aunin zafi, ya nuna 36, ya cire murfin hannun ya gyara zamansa har lamba da ruwa suka yi daidai. Sannan ya ce in tara hannuna, ya leƙa ya ce wa yaron ya rufe bawul ɗin sanyi gaba ɗaya. Ni har na fara janye hannu, amma kafin in ƙirga uku ruwan ya tsuke ya koma ɗiga. Wato in ruwan sanyi ya yanke tana rufe na zafin da kanta. Wallahi a nan na ji kuɗina sun halatta, don abin da nake tsoro ke nan tun farko.

Hajiya ta shigo tana dogara sanda ta tara hannu, ta yi shiru, sai ta ce masa ɗan nan Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ya ce amin Hajiya, amma don Allah kar ki rinƙa dafa wannan in za ki tashi, ba don haka aka yi ta ba. Ya juyo ya ce min lallai a kafa mata ƙarfen riƙewa daban a gefe, mai dogayen sukuru cikin bulo. Mun kafa a satin.

An yi aikin farkon Nuwamba, yanzu muna Afrilu, to na ga hunturu na ga bazara da ita. A hunturu ba abin da zan ce sai godiya. Lita 30 tana isar Hajiya wanka da alwala har a rage, matuƙar da ƙaramin kan shawa na hannu ake yi. Babban faifan nan na sama da yake zubo ruwa kamar ruwan sama yana da daɗi amma yana shanye hita cikin 'yan mintuna, mutum na biyu sai ya jira. Zafin yana tsayawa, ko an buɗe famfo a tsakar gida ba ka jin ya canza sai dai ƙarfin ya ɗan ragu.

Matsalolin kuma ga su. In aka ɗauke wuta injin ya tsaya, ruwan yana komawa siriri, a kan na sama kusan babu, a na hannu in an sauke shi ƙasa ana lallaɓawa. Daga baya mun haɗa injin da inbata tunda ba ya jan wuta sosai, amma hita mai wat 1500 ba ta hawa, sai dai in an samu wuta da dare ta dafa ta riƙe zafin zuwa asuba, kuma tana riƙewa. Na biyu, a watan Fabrairu ruwan ya rage ƙarfi har na fara zargin injin, na kira dattijon a waya ya ce in rufe bawul biyun nan in kwance notin in duba ragar. Cike take da yashi. Na wanke da tsohon buroshi na mayar, minti goma, ba tare da an kashe ruwan gida duka ba. Bayan nan na sa abin tace ruwa a bakin tanki, wanda ya kamata a ce an sa tun farko, kuma shi ma bai tuna min ba. Na uku shi ne na yanzu: da rana tsaka baƙin tankin roba yana shan rana, ruwan da ake kira na sanyi da kansa ɗumi ne har ya so ya yi zafi, to miksa ba firij ba ce, ba za ta ba ka abin da ya fi na tanki sanyi ba ko ka murɗa ta har ƙarshe. Wannan ba laifinta ba ne, rumfa za mu yi wa tankin. Sai farin tabo da ruwan rijiya yake bari a jikin ƙyallin, ruwan lemun tsami da tsumma mai laushi yana fitar da shi, na hana yara kusantarta da soson ƙarfe.

Shi ma dattijon ba zan ce ba shi da aibu ba. Lokaci ba ya cika shi, in ya ce ƙarfe tara to ka sa ran bayan Azahar, sau biyu na bar wurin aiki na zo na zauna jira. Ba ya rubuta kayan da ake buƙata gaba ɗaya, yau ya ce elbo gobe ya ce bawul jibi silikon, sau uku ina ƙetare gadar Kubanni zuwa Sabon Gari saboda abin da bai cika leda ba. Ɓaraguzan da aka fasa ma a ƙofar banɗaki suka bar min. Kuɗin aikinsa kuma ya kusa ninka na wancan, kuma ba ya ragi, na taya ya ce Alhaji aikin kwana shida ne. Na biya, kuma da za a sake shi zan kira. Farashin kaya ban kawo ba don na Nuwamba ba shi ne na yau ba, ku shiga shago biyu uku ku taya.

Abu ɗaya da har yanzu yake damuna shi ne abin cikin nan mai saita zafi, wanda shi ne zuciyar miksar kuma shi ne yake fara gajiya. Shago uku na tambaya a Sabon Gari ko suna da shi daban, duk suka ce sai dai in sayi sabuwa gaba ɗaya. Dattijon ya ce kar in yar da kwalin da takardar, in na shiga Kaduna ko Kano in tafi da su in nema tun kafin buƙata ta taso. Sauƙin dai shi ne tunda yanzu tazarar 15 ce cif, ko sabuwa zan saya noti biyu kawai za a kwance a ɗaura, tayil ba zai san an yi ba.

Ƙanina yana gini a Hanwa, sun kai matakin filasta. Jiya na kai masa guntun katakon nan mai rami biyu, dattijon ya bar min shi, na ce ya ba mai famfonsa, kuma ya sayi miksar ya ajiye a wurin kafin mai tayil ya sauke kwali ko ɗaya. Tankinsa ma na ce a auna, don ƙarfen da aka yi masa bai kai namu tsawo ba.